Yadda Ƙaramin Abu Yake Ɗaukar Babban Jigo a Gajerun Labaran Ingilishi

 Wannan sharhi zai leƙa cikin gajerun ƙagaggun labarai na harshen Ingilishi, irin waɗanda aka daɗe ana karantarwa a makarantu da jami'o'i, don duba wata dabara da manyan marubutansu suka ƙware a kanta. Dabarar ita ce ɗora nauyin labari kacokan a kan wani ɗan abu da ido ke iya gani, hannu ke iya taɓawa: akwati, ƙyalle, agogo, ganye ko 'yar turbar ƙafa.

A ranar 26 ga Yunin 1948, mujallar The New Yorker ta Amurka ta buga wani labari na Shirley Jackson mai suna The Lottery, wato ƙuri'a. Bai wuce 'yan shafuka ba, amma ya tayar da ƙurar da mujallar ba ta saba gani ba. Wasiƙu ɗaruruwa suka yi ta kwararowa, akasarinsu na fushi, wasu masu karatu ma suka daina sayen mujallar. Jackson ta faɗa daga baya cewa cikin masu wasiƙun har da waɗanda suke tambayar a wane gari ake wannan al'ada, kuma ko baƙo zai iya zuwa kallo.

Labarin ya buɗe da hantsi mai daɗi, ranar 27 ga Yuni, ciyawa kore shar, furanni sun buɗe. Ƙauye ne mai mutum kamar 300. Yara suna hutun makaranta, 'yan maza suna tsince duwatsu masu santsi suna cika aljihu, suna tara sauran a gefen dandali. Magidanta suna hirar shuka da ruwan sama da haraji, mata suna gaisawa. Sai Mista Summers, mai sana'ar kwal, ya iso ɗauke da wani baƙin akwatin katako, aka ɗora shi a kan kujera mai ƙafa uku. Kowane magidanci zai zaro takarda. Gidan da ya zaro mai baƙin ɗigo, sai a sake ƙuri'a tsakanin mutanen gidan. A wannan shekara ta faɗa kan Tessie Hutchinson, matar da ta iso a makare tana raha cewa ba za ta bar kwanuka ba a wanke ba. Sai a layukan ƙarshe mai karatu yake gane amfanin duwatsun da yara suka tara: jifan ta za a yi har lahira. Ƙawarta da suka gama hira ɗazu ta sunkuci dutsen da sai da hannu biyu ake ɗaga shi, wani kuma ya miƙa wa ɗan autan Tessie 'yan tsakuwoyi.

Jackson ba ta tsaya yi wa kowa wa'azi ba, akwatin ta tsaya ta siffanta. Ya tsufa, gefe ɗaya ya tsattsage har ana ganin asalin katakon, baƙin fentin ya koɗe. Na asali ya daɗe da ɓacewa, sai dai ana cewa an haɗa wannan da guntayen wanda ya gabace shi, kuma an fara amfani da shi tun kafin a haifi dattijon da ya fi kowa shekaru a garin. Kowace shekara Mista Summers yakan kawo maganar a yi sabo, kowace shekara maganar takan bi iska. Idan an gama ƙuri'a kuma, duk inda aka samu ake jefa shi: wata shekarar a rumbu, wata a gidan waya ana tuntuɓe da shi, wata a kan kanta a shagon kayan masarufi. An manta waƙar da ake rerawa a da, an daina gaisuwar da ake yi wa mai zaro ƙuri'a, takardu sun maye gurbin guntayen itace. Jifa ne kawai ba a manta ba.

Wanda ya bi tarihin akwatin nan ya riga ya karanta jigon labarin: al'adar da ma'anarta ta zube, ba mai girmama ta da gaske, ba kuma mai ƙarfin halin taɓa ta. Dattijo Warner, wanda karo na 77 ke nan yana shiga ƙuri'ar, da ya ji an ce wani ƙauye yana shawarar dainawa sai ya kira su wawaye, domin a ganinsa albarkar masara a rataye take da ƙuri'ar. Ita kanta Tessie ba ta ga aibun abin ba sai da ya faɗo gidanta, kuma ko a lokacin kukanta shi ne ba a ba mijinta isasshen lokacin zaɓen takarda ba. Har ta nemi a sa 'yarta mai aure cikin ƙuri'ar don haɗarinta ya ragu. Lokacin da aka buga labarin, shekara uku ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, duniya ba ta gama jin abin da mutane masu gaisuwar mutunci suka yi wa maƙwabtansu a Turai ba, sai ga Jackson ta kawo irin wannan ɗanyen aiki cikin wani ƙauyen Amurka tsaf-tsaf.

A nan ne kalmomi uku da ɗaliban adabi suka saba ji a aji suke haɗuwa. Hoto cikin bayani shi ne abin da marubuci ya zana da kalmomi har mai karatu ya ji kamar yana gani, ko yana jin sauti ko wari, irin koriyar ciyawa da santsin duwatsun nan. Alamtarwa ita ce ɗaya daga cikin hotunan ya ɗauki ma'anar da ta fi girmansa, irin akwatin. Jigo kuwa shi ne maganar da labarin yake yi game da rayuwar ɗan Adam. A takardar jarrabawa akan raba su kowanne da tambayarsa, amma a hannun gwani tafiya ɗaya suke yi. Hoto yakan yi ta dawowa har ya zama alama, alamar kuma ta kai mai karatu ga jigo ba tare da marubuci ya furta shi ba.

Dalilin da ya sa gajeren labari ya dogara da wannan hanya, Edgar Allan Poe ya bayyana shi tun 1842, a sharhin da ya yi wa littafin Nathaniel Hawthorne mai suna Twice-Told Tales a mujallar Graham's. A ra'ayin Poe, gajeren labari abu ne da ake karantawa a zama ɗaya, daga rabin awa zuwa awa ɗaya ko biyu. Don haka marubuci ya fara tsayar da tasiri guda da yake so ya bari a zuciyar mai karatu, sannan kada ya rubuta kalmar da ba ta yi wa wannan tasiri hidima ba. Mai dogon littafi yana da filin da zai bi tauraronsa daga haihuwa zuwa tsufa. Mai gajeren labari kuwa kamar mai tafiyar ƙasa ne, ba ya ƙulla abin da ba zai amfane shi a hanya ba. Idan ya ambaci agogo, to agogon yana da aikin yi.

Agogo kuwa shi ne ƙashin bayan labarin da Poe ya fitar a wannan shekarar, The Masque of the Red Death. Annoba ce ta faɗa wa wata ƙasa, mai sa jini ya riƙa tsattsafowa ta fata, ta kashe mutum cikin rabin awa. Da rabin jama'a suka ƙare, Yarima Prospero ya kwashi mutum dubu daga cikin manyan fadarsa, suka shige wani gini mai ganuwa, suka liƙe ƙofofin ƙarfe, suka bar talakawa da annoba. Bayan wata biyar ko shida ya shirya gagarumin bikin rawa na rufe fuska a ɗakuna bakwai da suka jeru daga gabas zuwa yamma, kowanne da launinsa: shuɗi a farko, baƙi a ƙarshe, tagogin na ƙarshen jajir kamar jini. A wannan baƙin ɗaki akwai ƙaton agogo. Duk sa'ar da ya buga, makaɗa sukan tsaya cak, masu rawa su daskare, jiki ya yi sanyi. Da amon ya wuce sai a yi dariyar yaƙe a ci gaba. Ƙarfe goma sha biyun dare wani baƙo ya bayyana sanye da likkafani, fuskarsa irin ta gawar da annobar ta kashe. Yarima ya zare wuƙa ya bi shi ɗaki bayan ɗaki, ya faɗi matacce a na bakwai. Da aka cafke baƙon, ba a sami kowa cikin tufafin ba. Mutuwa ta bi su ɗai-ɗai, agogon ya tsaya tare da numfashin na ƙarshensu.

Jerin ɗakunan ya bi hanyar rana, daga fitowa zuwa faɗuwa, shi ya sa masu nazari da yawa suke karanta su a matsayin matakan rayuwa. Akwai kuma abin da ke faruwa a gidan Poe a lokacin. A Janairun 1842 matarsa Virginia tana cikin rera waƙa jini ya ɓalle mata ta baki, alamar farko ta tarin fukan da ya yi ajalinta a 1847. Labarin ya fito a watan Mayu, wata huɗu bayan wannan rana.

Shi kuwa Hawthorne da Poe ya yi wa sharhi, alamarsa ta fi wuyar warwarewa, kuma da gangan ya bar ta a ƙulle. A The Minister's Black Veil, wanda ke cikin wancan littafi da ya fara fitowa a 1837, wani limamin coci mai suna Hooper ya fito ranar Lahadi da baƙin ƙyalle rufe da fuskarsa, ba a ganin komai sai baki da haɓa. Bai ce uffan a kai ba. Ya hau mumbari ya yi huɗuba kan zunubin ɓoye, jama'a suka ji kamar ya leƙa zukatansu. Da rana ya halarci jana'izar wata budurwa da ƙyallen, da dare ya ɗaura aure da shi, ango da amarya suna kyarma. Elizabeth, wadda aka sa musu rana, ta roƙe shi ya ɗaga sau ɗaya tak, ya ƙi, ta rabu da shi. Yara suka riƙa gudunsa, amma masu zunubi idan ajali ya ƙarato shi suke aika wa. Ya tsufa da ƙyallen, ya ƙi cirewa a kan gadon mutuwa, ya gaya wa waɗanda suka kewaye shi cewa shi ma yana ganin irinsa a fuskar kowannensu. Da shi aka sa shi a kabari.

To mene ne ƙyallen? Poe ya yi hasashen cewa limamin ya aikata wani mugun laifi da ya shafi budurwar da aka binne. Wasu sun ce wa'azi ne a aikace, tunatarwa cewa kowane mutum yana da abin da yake ɓoye wa na kusa da shi. Wasu kuma girman kai suka gani, mutumin da ya fifita alamar zunubi a kan ƙaunar matar da ke tsaye a gabansa. Labarin ya ba kowane ɓangare hujja, bai yanke hukunci ba. Asalin Hawthorne yana taimakawa wajen gane abin da ke cin ransa. A Salem aka haife shi a 1804, garin da aka yi shari'ar maita a 1692 aka rataye mutum 19, kuma ɗaya daga cikin alƙalan, John Hathorne, kakan kakansa ne. Laifin da aka gada, da taƙawar da ke rikiɗewa ta koma zalunci, su suka yi ta dawowa a rubuce-rubucensa.

Akwai kuma alamar da ba a gama fahimtarta sai an san tarihin da ya haife ta. A Janairun 1892 mujallar New England Magazine ta buga The Yellow Wallpaper na Charlotte Perkins Gilman. Wata matashiya ce ke ba da labarin da bakinta, tana rubutawa a ɓoye domin an hana ta. Ba ta daɗe da haihuwa ba, damuwa ta kama ta. Mijinta John, wanda likita ne, ya kama hayar wani tsohon gida a bayan gari na wata uku, ya zaɓa mata ɗaki a bene, ya ce maganinta hutu: ba aiki, ba rubutu, ba yawan baƙi. Yana ƙaunarta, yana mata magana a tausashe kamar mai lallashin yarinya, amma duk abin da ta faɗa game da jikinta ta bayan kunnensa yake bi.

Ɗakin an ce na renon yara ne a da. Sai dai tagoginsa da sandunan ƙarfe, gadon a kafe yake da ƙasa, ga zobba a bango, ga ƙyaure a bakin matattakala. Sannan ga takardar adon da aka liƙa wa bangon, rawaya mai ban ƙyama, zanenta a harɗe, ba kai ba gindi. Da yake an hana ƙwaƙwalwarta kowane irin aiki, sai ta tattara hankalinta kan zanen. Da farko tsanarsa take yi. Daga baya ta fara jin warin takardar yana bin ta ko'ina a gidan, launin yana ɓata tufafi. Idan hasken wata ya shigo sai zanen ya koma sanduna, a bayansu wata mace tana rarrafe tana girgiza su. Ranar da za su bar gidan ta kulle ƙofa, ta jefa makulli waje, ta yayyage takardar don ta saki matar, sannan ita kanta ta shiga rarrafe tana zagaye ɗakin a jikin bango. John ya buɗe ƙofa ya gan ta, ya faɗi a sume, ta ci gaba da zagayenta tana tsallake shi.

Da yawa daga cikin masu karatu na farko labarin ban tsoro suka ɗauke shi, irin na Poe. Gilman ta san inda ta dosa. Bayan ta haifi 'yarta a 1885 ta shiga irin wannan hali, a 1887 ta je wurin Dokta Silas Weir Mitchell na Philadelphia, mashahurin likitan jijiyoyi na zamanin, wanda ya yi suna da maganin hutu. Ta rubuta a 1913 cewa ya sallame ta da umarnin ta tsaya ga hidimar gida, kada aikin tunani ya wuce awa biyu a rana, kuma kada ta sake taɓa alƙalami ko burushin zane muddin ranta. Ta bi umarnin wata uku har ta kai gaɓar hauka, sannan ta watsar, ta koma bakin aikinta, ta samu sauƙi. Ta ambaci sunan likitan a cikin labarin, ta kuma aika masa da kofi. Da aka sake buga shi a 1973, sabon zamani ya gane abin da takardar bangon take nunawa: tsarin da ya lulluɓe mace da sunan kulawa har ya toshe mata numfashi.

A hannun James Joyce na ƙasar Ayalan, alama takan sauya ma'ana tsakanin farkon labari da ƙarshensa. The Dead shi ne na ƙarshe kuma mafi tsawo cikin labarai 15 na littafin Dubliners da ya fito a 1914. Gabriel Conroy, malami mai ji da iliminsa, ya je liyafar shekara-shekara da ƙannen mahaifiyarsa biyu suke shiryawa a Dublin, dusar ƙanƙara tana zuba irin wadda aka ce an yi shekara 30 ba a gani ba. Abu na farko da mai karatu ya ga yana yi shi ne kankare ta daga takalman robar da yake ɗorawa a kan takalmansa, wani yayi da ya kwaikwayo daga sauran ƙasashen Turai, wanda matarsa Gretta take tsokanarsa a kai. A wannan mataki, ƙanƙara abu ce da mutum yake kare kansa daga gare ta.

Ana tsakiyar liyafa wata 'yar kishin ƙasa, Miss Ivors, ta caccake shi kan yana rubutu a jaridar masu goyon bayan mulkin Ingila, yana kuma tafiya hutu Faransa da Beljiyam ya bar yammacin ƙasarsa. Ransa ya ɓaci, ya koma jikin taga yana taɓa gilashin mai sanyi, yana kwaɗayin a ce yana waje shi kaɗai. Ƙanƙara ta koma wurin fakewa daga mutane ke nan. Da aka tashi, ya hangi Gretta tsaye a matattakala tana sauraren wata tsohuwar waƙa, begenta ya kama shi. Suna isa ɗakin otal sai ta fashe da kuka. Waƙar ta tuna mata wani saurayi a Galway, Michael Furey, ɗan shekara 17, wanda yana fama da ciwo ya fito cikin ruwan sama ya tsaya a bayan gidansu daren da za ta bar gari, ya mutu bayan mako guda. Gabriel ya gane cewa duk shekarun aurensu akwai abin da matarsa take ɗauke da shi bai sani ba, kuma shi bai taɓa yi wa kowa irin wannan so ba. Ta yi barci, shi kuma ya juya ga taga. Ƙanƙarar tana sauka a kan Dublin, a kan filayen yamma da ya raina, a kan kabarin yaron, ta rufe masu rai da matattu bai ɗaya.

Masana sun rabu kan wannan ƙarshe. Wasu suna ganin daskarewar al'umma ce, domin Joyce ya rubuta wa mawallafinsa Grant Richards a 1906 cewa ya zaɓi Dublin ne saboda a ganinsa nan ce cibiyar shanyewar ƙasar. Wasu kuma suna ganin girman kan Gabriel ne ya faɗi, ya yarda cewa shi ma ɗaya ne daga cikin mutane.

Wani lokaci mutanen cikin labarin ne da kansu suke ƙirƙirar alamar. A The Last Leaf na O. Henry, wanda ke cikin littafinsa na 1907, wata matashiya mai zane a New York, Johnsy, tana kwance da ciwon huhu, tana ƙirga ganyayen wani tsiro mai yaɗo a bangon da ke fuskantar tagarta. Ta ƙudura cewa ranar da na ƙarshe ya faɗi ita ma za ta tafi. An kwana ana ruwa da iska, ganye ɗaya ya ƙi faɗuwa, ta samu ƙarfin gwiwa ta warke. Ashe tsohon maƙwabcinsu Behrman, mai zanen da ya ƙare rayuwarsa yana alkawarin gagarumin aikin da bai taɓa farawa ba, shi ya hau tsani cikin ruwan ya zana ganyen a bango. Sanyin daren ya kwantar da shi, ya rasu.

Ernest Hemingway ya kai dabarar matuƙa a Hills Like White Elephants na 1927. Wani Ba'amurke da wata budurwa suna zaune a tashar jirgin ƙasa a kwarin kogin Ebro na Sifaniya, suna jiran jirgin Barcelona zuwa Madrid da zai iso cikin minti 40. Kusan duk labarin hira ce. Yana lallashinta ta yarda a yi mata wani aiki da ya ce ƙarami ne, yana ta nanata cewa ba dole. Ba a ambaci zubar da ciki ko sau ɗaya ba, amma maganar ke nan. Abin da bakinsu ya kasa faɗa, ƙasar da ke kewaye da su ta faɗa. Gefe ɗaya na tashar ƙeƙasasshe ne, ba bishiya ba inuwa. Ɗaya gefen gonakin hatsi ne da itatuwa a bakin kogi, kuma can budurwar ta taka ta tsaya tana kallo. Jakunkunansu cike suke da tambarin otal-otal da suka kwana, shaidar zaman da ba shi da gida. Hemingway ya rubuta a 1932 cewa rubutu mai ƙarfi kamar tsaunin ƙanƙarar da ke yawo a teku ne, kashi ɗaya cikin takwas kawai ke saman ruwa. Labarin ya ƙare ba a faɗi shawarar da budurwar ta yanke ba.

Adabin Ingilishi ya daɗe da ƙetare iyakar Ingila da Amurka, kuma ɗaya daga cikin misalan da suka fi tsari daga Najeriya ya fito. Chinua Achebe ya rubuta Dead Men's Path a zamanin ɗalibtarsa a Ibadan, aka buga shi a 1953, shekara biyar kafin littafinsa Things Fall Apart, daga baya ya shiga littafin Girls at War na 1972. A Janairun 1949 'yan mishan suka naɗa Michael Obi, ɗan shekara 26, shugaban makarantar Ndume don ya zamanantar da ita. Matarsa Nancy ta dasa furanni da shingayen ado. Wata rana ya ga wata tsohuwa tana ɗingishi ta ratsa ta cikin furannin, a kan wata turba da ta kusa shafewa. Aka gaya masa ita ce ta haɗa wurin bautar ƙauyen da maƙabartarsu. Ya sa aka kafa sanduna, aka ja waya mai ƙaya. Limamin gargajiyar garin ya zo ya bayyana masa cikin natsuwa cewa a imaninsu ta nan matattu suke tafiya, kakanni suke kawo ziyara, jarirai suke shigowa duniya. Obi ya amsa cewa aikin makaranta shi ne kawar da irin wannan imani. Bayan kwana biyu wata mata ta rasu wurin haihuwa, boka ya ce kakanni ne suka yi fushi. Gari ya waye an tumɓuke shingayen, an tattake furannin, an rushe gini guda. A ranar ne kuma Baturen da ke duba makarantu ya iso, ya rubuta mummunan rahoto, ya ɗora laifi kan zaƙewar shugaban makarantar.

Achebe ya sa alamomi biyu ne suka gwabza a fili ɗaya, lambu da turba. Bai ce ilimin zamani laifi ne ba, bai kuma tabbatar da maganar boka ba. Wayar mai ƙaya ita ce ta ɗauki jigon: mutumin da yake da tabbacin shi ne mai gaskiya har ya ga sauraron maƙwabci ɓata lokaci ne.

Duk wannan yana da nasaba da yadda ake koyar da adabi. Littattafan taƙaitawa da shafukan intanet da ɗalibai suke dogara da su lokacin jarrabawa sukan ba da jeri a haddace: baƙi mutuwa, fari tsarki, rawaya farin ciki, fure kyau. Labaran nan kansu sun rushe jerin. Rawayar Gilman launin cuta ce. Farar ƙanƙarar Joyce ta sauya ma'ana sau uku a dare ɗaya. Furannin Nancy kyawawa ne, amma a kan hanyar mutane aka dasa su. Launi ma al'ada yake bi. A Turai da Amurka baƙaƙen tufafi ake sawa don makoki, shi ya sa ƙyallen Hooper ya firgita masu ɗaurin aure. Mai karatu a Kano ko Damagaram, wanda fari ne launin likkafani a wurinsa, yana buƙatar sanin wannan kafin ya yanke wa alamar hukunci.

Akwai kuma haɗarin wuce gona da iri, a mai da kowace kujera da kowane kofi alama. Hemingway kansa, a wata wasiƙa da ya rubuta a 1952 game da littafinsa The Old Man and the Sea, ya yi watsi da masu neman alama a kowane layi. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne maimaici da nauyi. A karanta labarin sau ɗaya kai tsaye. A karo na biyu a riƙe fensir, a ja layi duk inda abu ɗaya ya sake bayyana, a lura da wanda yake taɓa shi da wanda yake gudunsa, a kwatanta bayyanarsa ta farko da ta ƙarshe. Sannan a nemi shekarar da aka rubuta labarin da abin da ke faruwa a ƙasar marubucin. Abin da ya bayyana sau ɗaya ya wuce, galibi kayan ɗaki ne kawai.

Samun labaran ba wuya. Na Poe da Hawthorne da Gilman da O. Henry, har da Dubliners na Joyce, suna nan kyauta a rumbun littattafai na intanet mai suna Project Gutenberg, ana iya saukar da su a wayar hannu. Girls at War kuwa ya fito a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, wanda ɗakunan karatun makarantu da dama suke da shi. Dead Men's Path gajere ne sosai, malamin da ke da darasin minti 40 zai iya karanta shi da ɗalibansa daga farko har ƙarshe, lokaci ya ragu su yi muhawara kan abin da ya kamata Obi ya yi da turbar.